Katakon Malam Gangare

Kowace safiya da katako a hammata malaminmu na lissafi yake shigowa makaranta, sai ka ce kafinta ne ya ɓata hanya. Ya jingina shi kan bulo, ya saki ƙwallo daga sama. "Me ya sa yau ta fi jiya gudu?" Shi ya sa muka laƙaba masa Malam Gangare, kuma wallahi amsawa yake.

Maganarsa ɗaya ce, har mun haddace: "Abin da ka hau sama, raba shi da abin da ka tafi gaba. Gangaren ke nan."

Shekarar da ƙanwata ta shigo makarantar, a keken guragu take, ƙofar ajinsu kuwa matakala ce. Kullum sai an ɗauke ta cak, yara na kallo. Ran nan ta ce, "Yaya, ni ba buhu ba ce. Na bar karatun." Ita kuwa in ta kafe, ta kafe.

Na gaya wa Malam. Ya ce, "Lallaɓo min ita gobe."

Washegari da na kawo ta, ya fito da ajinmu waje. Muna ɗoki muka ɗora gajeren katako a matakalar. Ta tura keken, ya dawo da ita baya. Idonta ya cika da ƙwalla.

"'Yata, ba hannunki ne ya gaza ba, lissafinmu ne," in ji shi. "Tsayin ƙofar nan ba zai ragu ba. To me za mu ƙara?"

Ta ce, "Tsawon tafiyar."

Aka sa dogon katako. Ta hau da kanta, babu wanda ya taɓa keken.

Malam, kai ne ka mayar da ita aji. Shekaru sun ja, yanzu ka yi ritaya, ni kuwa in na wuce ta bayan tagar ajinka sai in tsaya, ko zan ji ƙwallonka na gangarowa. Wayyo, ina kewar zamanin nan!

Ranar ban kwana Malam ya zo yana dogara sanda, gwiwa ta ƙi. Ya dubi matakalar, ya girgiza kai, ya bi ta gangaren, wanda yanzu na siminti ne. Ƙanwata na jiransa a sama, ita ce sabuwar malamar lissafi.

"Sannu a hankali, Malam," ta ce, "ko a ƙara tsawo?"

Ya yi dariya, ya ɗora mata tsohon katakonsa a cinya.

Allah ya saka maka da alheri, Malam. Malamai, ku duba ƙofar ajinku: wa ya kasa shigowa?