Ladan U Pe Than

U Pe Than bai taɓa shiga teku ba. Ko kwalekwalen ƙetare kogi ya hau, sai ya yi amai. Amma rabin samarin ƙauyenmu shi ya tura su jiragen kamun kifi na Thailand. Yana tofar da jan yawun goro zai ce wa uwar yaro, "Aikin tudu ne, 'yar'uwa, har da fanka."

Ga shi da son lada. Shi ya yi wa gidan sufayenmu rufin kwano, ya sa aka rubuta sunansa da haruffan da ko makaho zai lalubo. A ranar sadaka, in ya tsiyaya ruwa a kwano bisa al'adarmu ta raba lada ya ce, "Ku ɗebi rabonku na lada," jama'a su amsa "thadu", wato madalla, sau uku, sai ka ga ya kumbura kamar kwaɗo. Don wannan amsar yake rayuwa.

Da aka daina jin ɗuriyar Nyan Tun, ɗan Daw Ngwe Sein mai tuyar wake, U Pe Than ya zo da hawayensa ya ce yaron ya faɗa teku. Shi ya ciyar da sufaye, ya aika wa mamacin lada. Muka amsa, mu ma sakarkaru.

Shekaru suka wuce. Wasu 'yan jarida suka kutsa wani tsibiri a Indonesiya, suka ɗauko hoton masunta a kulle cikin keji. A shagon shayi aka nuna wa Daw Ngwe Sein hoton a waya, ta ga ɗanta a ciki, ta ƙwalla ƙara. Duniya ta ɗauka, aka kwaso mutanen. Nyan Tun ya dawo ba yatsu biyu, injin jan taru ya cinye.

Kunya? U Pe Than cewa ya yi sadakarsa ce ta ceto yaron. Har ya shirya wata, ta godiya. Muka je, muka ci shinkafarsa.

Ya tsiyaya ruwa, ya ja murya. "Ku ɗebi rabonku!"

Shiru. Ya maimaita. Babban sufi ya ƙura wa mafificinsa ido.

Daga baya can Nyan Tun ya ɗaga guntun hannunsa.

"Riƙe abinka, Kawu. Wanda ka aiko min ina mace ma bai iso ba."