Gonar da tauraro ya ba shanu

Ba na jin zan manta da ranar da aka tura ni in karanta wa mutane taswira a wani ƙauye kusa da Gidan Sori.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba: buro uku ne, wato ofisoshi, kowa da bayanansa. Akwai masu hoton tauraron ɗan adam, akwai masu awon gonaki, akwai masu kula da harkar kiwo. Furojenmu, wato aikin da aka ba mu, shi ne haɗa bayanan cikin ordinatar guda, wato kwamfuta. Ni ce ƙarama, karatuna bai wuce lise ba, wato sakandare, abin da aka miƙo mini nake shigarwa.

Tsarin masu hoto, in ya ga itace da yawa sai ya shafa kore. Tsarin masu kiwo kuwa duk koren da bai da lambar gona makiyaya yake mai da shi. Gonar wani dattijo, Baba Tanko, masu awo ba su kai kanta ba, man mota ya ƙare musu. Shi kuma mutum ne mai sassaben zamani, wato ba ya tumɓuke tohon itace, reno yake, har gawo da kalgo suka rufe gonar. Da aka haɗa, na'ura ta ba shanu ita.

Da bazara muka tafi ƙauyen. Shef, wato shugabanmu, ya ce, "Ke za ki sauka, Mariyama. Ba a dukan mace." Ya zauna cikin mota yana shan sanyin kilim, wato na'urar sanyaya iska, wai yana jiran kira daga Maraɗi.

Na baza taswira gaban mai gari, manoma nan, makiyaya can. Ina cewa koren ga wurin kiwo ne sai wuri ya ruɗe. 'Ya'yan dattijon suka miƙe da sanduna, samarin makiyaya ma suka miƙe. Wani ya fizge takardar har da gefen mayafina. Na waiga wajen mota, na ga an ɗaga gilashi.

Baba Tanko ya tsawata musu. Ya ce, "Ɗiyata, wa ya ce gonata daji ta?"

Na ce, "Baba, tauraro ne."

"Mi ya gani?"

"Itace."

"In babu itace fa?"

Tsoro ya hana ni tunani. Na ce, "Sai ya ga gona."

Ya gyaɗa kai, ya ce a raka ni mota.

A buro aka yi taro. Masu hoto suka ce hotonsu ba ya ƙarya, masu kiwo suka ce kore suka karɓa, masu awo suka ce a ba su mai. Aka sha lemo, aka kafa kwamiti.

Kafin kwamiti ya zauna, Baba Tanko ya sa wa itacen gonarsa gatari. Direbanmu da ya bi ta can ya ce har gawon da ya girmi 'ya'yansa an kwantar. Sabon hoto na fitowa, wurin ya yi fari fes, na'ura ta cire shi daga wurin kiwo. Shef ya leƙo bisa kafaɗata ya ce, "Kin gani? Tsarin ya gyara kansa."

Abin da na koya ke nan, ku da kuka shigo bayana. A aikin ga, in taswira da ƙasa suka saɓa, ƙasa ake gyarawa, kuma wadda ba a duka ita ake turawa ta faɗa.