Kunyar Surukai Ta Raba Ni da Tiyatar Rage Ƙiba

Shekara biyu da suka wuce, ni malamar firamare ce a Birnin Kudu, shekaruna arba'in da shida, 'ya'yana biyar. Duk makarantarmu ba wadda ta kai ni baki, ba kuma wadda ta kai ni jiki. In aka tsokane ni da ƙiba ni ke fara dariya, in mayar wa mutum da wadda ta fi tasa zafi, shi ya sa kowa ya ɗauka abin ba ya damuna. Na rubuto muku ne saboda abin da ya same ni ya daɗe yana cin raina, kuma na fi iya faɗa wa takarda fiye da mutum. Ina roƙon ku sakaya sunana.

Ba da ƙiba na tashi ba. A Surko aka haife ni, siririya ce ni har bayan aure, in gwaggonnina sun zo duba ni sai su ja ni ɗaki su tambaya ko maigidan ba ya ajiye cefane ne. Da maganar ta ishe ni sai na shiga shan ƙwayoyin sa ƙiba, waɗanda mata ke kira sha ka fashe. Na kuwa fashe. Tun ban taka Makka ba aka fara kirana Hajiya, ni kuma ina jin daɗi. Ko da na daina shan ƙwayar jikin ya riga ya kama hanyarsa, kowace haihuwa kuma sai ta ƙara mini. Daga baya ciwon suga ya shigo, hawan jini ya biyo shi, gwiwoyina suka ƙi ɗaukata. A zaune nake rubutu a allo. 'Yan acaɓa in sun hango ni sai su kawar da kai kamar ba su ji kira ba. Ranar da na yi sujada na kasa tashi sai da aka kamo ni, ranar ce na yarda ba ni da lafiya.

Likitan da ke duba ni a garinmu ne ya tura ni wurin wani ƙwararre a Kano. Shi ya fara yi mini maganar tiyatar da ake rage wa mutum tumbi, ta yadda abinci kaɗan zai ƙosar da shi. Ya ce ga mai irin nauyina da irin cututtukana, aikin zai iya sauƙaƙa sugan da hawan jinin, ya kuma raba gwiwoyin da wannan kaya. Amma ya ce ba kowa ake yi wa ba, sai mutum ya cancanta. Sharuɗɗan da ya gindaya mini su ne in yi wata shida ina zuwa duk wata a auna ni, in sauke kilo goma da kaina, suga da jini su daidaita, in rage gishiri da mai, kanwa kuwa ko kusa da ita kada in je, kuma kada in tsallake magani ko na rana ɗaya. A ƙarshe za a ɗauki hoton zuciyata, in ta nuna za ta jure allurar barci sai a sa rana. Ƙanena da ke aiki a Abuja ya ce shi ya ɗauki nauyin komai, ni dai in cika sharaɗi.

Ban gaya wa kowa ba sai shi da maigidana. Ko 'ya'yana ban faɗa wa ba. Na san mutanenmu. Za a ce Malama ta rasa abin yi ta kai kanta a yanke mata hanji, za a ce Allah ya ba ta jiki ta butulce. Ni da na saba yi wa mutane dariya ban shirya a yi da ni ba.

Wata biyar na yi ina wannan fama, kuma wallahi na yi ƙoƙari. Na rabu da fura, na rabu da waina, tuwona bai wuce dunƙulen hannu ba, sai dafaffen zogale da rama ba ƙuli ba mai. Kullum bayan asuba nakan zagaya tsakar gida har sai gumi ya jiƙa ni. A awo na biyar kilo tara sun tafi, suga ya sauka, likita har ya yi mini murmushi ya ce saura ƙiris. Na dawo a mota ina lissafin yadda zan yi sallar idi a tsaye.

Kwana huɗu da wannan awo babbar 'yata da ke aure a Gwaram ta haihu. Haihuwarta ta biyu ce, don haka ba ta zo wankan gida ba, kuma ta sha wuya ƙwarai. Uwar mijinta tsohuwa ce, ba ta iya ɗaukar ruwan zafi, sai aka aiko a kan in zo in zauna da ita har ta yi arba'in. Maigidana ya ce in tura ƙanwata. Na ce ina, 'yata tana kwance wace ƙanwa zan tura. Hutun makaranta ne kuma. Na ƙulle magungunana a cikin zani, na cusa su ƙasan jaka, na hau mota.

Gidan babban gida ne, sassa biyar, mutanen kirki masu shanu da rumbuna. Duk wanda ya san irin gidajen nan ya san yadda ake karɓar suruka. Kowane sashe sai ya aiko da kwanonsa, safe da rana da yamma. Ga tuwon dawa da man shanu yana yawo a kan miya, ga fura da kindirmo, ga farfesun ƙauri da ake yi wa mai jego, nawa kwanon daban. Ranar farko na ɗan taɓa na rufe, aka kwashe kwanuka kusan yadda aka kawo su. Washegari da hantsi tsohuwar ta dogaro sandarta ta shigo. Bayan mun gaisa ta ce cikin raha ko abincin ƙauye ne bai yi wa Malama ba, su dai abin da suke da shi ke nan, in akwai wanda 'yan boko ke ci in faɗa a nemo. Na yi dariya na ce gajiyar hanya ce. Tana fita 'yata ta fara hawaye. Ta ce Umma don Allah ki rufa mini asiri, in kin tafi ni za a bari da maganar, za a ce uwata ta raina gidan mijina, kwanonsu ma ƙyamarsa take.

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Ni da 'yata ne kaɗai a ɗakin, jaririya tana barci. Kalma nawa ce? Ba ni da lafiya, likita ya hana ni. Amma in na faɗa za a tambayi wane ciwo, daga nan sai maganar tiyata ta fito, kafin la'asar ta zagaye sassa biyar, kafin sati ta riga ni isa Birnin Kudu. Sai na jawo kwano na buɗe. Na ce wa kaina kwana arba'in ne kawai, in na koma zan rama.

Tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗe ta duka. Ba kunya kaɗai ba ce. Bayan wata biyar ina tauna ganye kamar akuya, lomar farko ta tuwon nan da man shanu sai da na lumshe ido. Na sami hujjar da nake nema, na riƙe ta da hannu biyu. Sai kuma kunun kanwa. 'Yata ba ta son shi, tsohuwar kuma ta dage sai ta sha don nono ya zo, jiki ya yi ƙarfi. Ni ke dama shi, ni ke ɗanɗanawa, in ta yamutsa fuska sai in zuba nawa kofin in ce mu sha tare. Abin da likita ya ambata da sunansa ya ce kada in kusance shi, shi nake sha safe da yamma.

A sati na huɗu maganin hawan jinina ya ƙare, ranar awona na shida kuma ta zo. Daga Gwaram zuwa gida, daga nan zuwa Kano, ba wata tafiya ba ce, motoci na tashi kullum. Amma me zan ce na je yi? Kuma da wane ido zan hau ma'auni, alhali zanin da ya fara yi mini yawa ya koma yana matse ni? Maigidana ya kira ya tuna mini, na ce masa an ɗaga ranar. Ƙarya na yi masa. Ƙafafuna suka fara kumbura har takalmi ya daina shiga, matan gidan suna ta yi mini barka wai garinsu ya karɓe ni. In na ɗauko bokitin ruwan wanka daga murhu sai na tsaya sau uku ina haki. Kwanciya ta gagare ni sai na jingina da bango. Duk na ga alamun nan, na ce gajiya ce.

Ranar kwana talatin da uku, da la'asar, ina tsoma ganyen darbejiya a ruwan zafi zan yi wa 'yata wanka, sai numfashina ya tsaya. Ina jawo iska ba ta shiga. Abin da na iya tunawa shi ne ihun 'yata da hannuwa da yawa suna ƙoƙarin ɗaga ni sun kasa, sai da aka kira maza. A bayan motar ɗaukar hatsi aka kawo ni asibiti a Birnin Kudu. Aka ce ruwa ne ya taru a huhuna saboda zuciya ta gaza. Kwana goma sha ɗaya na yi a kwance.

A nan asirin da na ɓoye ya tonu, a gaban kowa, don maigidana ya faɗa wa likita komai surukai suna tsaye. Ba wanda ya yi dariya. Kwana biyu bayan haka tsohuwar ta sa aka kawo ta har bakin gadona. Ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce Malama me ya sa kika yi mana haka. Ta ce shekara shida ke nan a gidan ana ɗora wa Alhaji, maigidanta, tukunyarsa daban, ba gishiri ba kanwa ba mai, saboda shi ma hawan jini gare shi. Ta ce da na yi magana, ludayi ɗaya kawai za a ƙara. Kullum sai an wuce da kwanon nan ta ƙofar ɗakin da nake, ban taɓa tambayar na wane ne ba. Na juya fuskata bango.

Da na ɗan farfaɗo muka koma Kano. Aka ɗauki hoton zuciyar. Likitan ya daɗe yana kallon takardar kafin ya ɗago. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce mai yiwuwa zuciyar ta daɗe da gajiya, amma barin magani da kanwa da gishirin nan su suka ƙarasa ta. Ta kumbura, bugunta ya yi rauni, in aka sa ni barci a yanzu ba shi da tabbacin zan farka. Ya ce an cire ni daga jerin masu jiran aiki. Na tambaye shi ko in na sake wata shida, ko shekara, na sauke kilo ashirin ma. Ya ce mu dai ci gaba da magani mu ga abin da Allah zai yi. Na koyar da yara shekara ashirin, na san yadda ake faɗa wa uwa ɗanta ba zai ci jarrabawa ba ba tare da an faɗa ba.

An sake hoton sau biyu tun daga lokacin, ba abin da ya canza. Na bar aiki. Nauyin ya dawo har da ƙari, saboda yanzu ko zagayen tsakar gidan an hana ni yi da sauri. Idanuna sun fara dushewa da suga. Jikar da na je wa jego tana gudu yanzu, in an kawo ta takan miƙo hannu in ɗauke ta, sai dai in jawo ta jikina daga zaune. Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'yata. Har yau gani take ita ta jawo, duk zuwan da za ta yi sai ta nemi gafarata, ni kuwa na san ba ta roƙe ni in ci abincin nan ba sai don ban gaya mata gaskiya ba. Na yarda da ƙaddara, ina kuma istigfari, amma ba zan ɗora wa ƙaddara abin da na yi da hannuna da bakina ba.

Abin da na koya, na koye shi a lokacin da ba zai amfane ni ba. Mutanen da na ji tsoron bakinsu sun fi ni hankali, sun kuma fi ni tausayin kaina. Don haka 'yan uwana mata, musamman masu suga da hawan jini, in likita ya kafa muku doka ku faɗe ta da ƙarfi a duk gidan da kuka sauka, ko gidan surukai ne. In an yi gulma, ta kwana biyu ce. Masu shan ƙwayar ƙiba don a ce miji na kula da ku, ku dube ni. Masu ba mai jego kunun kanwa, ku tambayi asibiti tukuna. Ku kuma masu karɓar baƙi, in kwano ya dawo a cike, ku tambayi lafiyar baƙon kafin ku yi fushi.

Wadda duk aka ba ta irin damar da aka ba ni, ta riƙe ta da kyau, don ba lallai a sake ba ta ba. Ni kilo ɗaya da wata ɗaya suka rage mini. Ku sa ni a addu'a.