Kogin da Ya Ƙwace Mini Baba

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In yana son ruwa sai ya ce, “Wai babu kowa a gidan nan ne?” alhali ina tsaye a gabansa. In na yi abin kirki sai ya kau da kai ya yi gyaran murya. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san da ita, kuma ban ɗauke ta da zafi ba sai da na girma na ga yadda yake washe baki da autanmu, yana kiran sunansa har da kirari.

Ni na kawo Baba New York bayan rasuwar Inna. Ni na yi ta sintirin takardu, ni na bar masa ɗakina a gidan hayarmu na Highbridge na koma ɗakin 'yata. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. In wanke tsohuwar wasu da rana, in dawo da yamma in tuƙa wa nawa tsohon tuwo mai laushi saboda haƙoransa. Ba gori nake yi ba. To, ko gorin ne ma, ai ban yi ƙarya ba.

Baba masunci ne ɗan masunta, daga wani ƙauye a bakin Kwara, can ƙasar Yauri. Yana saurayi aka yi dam, ruwa ya shanye ƙauyen, aka mayar da su kan tudu. Duk da haka bai rabu da kwale-kwale ba sai da gwiwa ta ƙi. A Highbridge kuwa duniyarsa ba ta wuce taga ba. Unguwar tamu hawa da gangara ce, ga matakala ko ta ina. Ranar Juma'a kaɗai yake fita, in saka shi a bas zuwa masallacin 'yan Ghana a Mount Hope, su ce masa “Alaji” su ba shi kujera, a idar mu dawo.

Autan namu ma'aikacin jinya ne. Ya sami aiki a wani ɗan gari a bakin babban kogi, can tsakiyar ƙasar nan, garin da ko a taswira sai ka ƙanƙance ido. Da zafi ya shigo sai ga shi da mota.

“Yaya, ki ba ni aron Baba ya ɗan sha iska.”

Na ce ya ɗauka, har da dariyata. A raina na ce mako ba zai cika ba zai fara cigiyar tuwona.

Sai da sanyi ya fara leƙowa aka dawo mini da shi, kuma ba Baban da na bayar ba ne. Ya yi baƙi, kumatu sun ciko, ga sanda a hannu amma nuni yake yi da ita. Ya ajiye wani ƙunshi a kan teburin kicin ya ce da 'yata, wadda yake kira amarya saboda wasan jika, “Amarya, ki ce da uwarki ga wannan.” Na buɗe. Tarwaɗa ce guda ɗaya, an yi mata banda. Na taɓe baki, na ce matar auta ce ke son nuna mini ita ma ta iya riƙon tsoho. Na naɗe ta na cusa can ƙuryar firiza, bayan kaji.

Daga ranar gidanmu ya koma makarantar wannan gari. Baban da kan wuni bai ce uffan ba ya zama ba ya rufe baki. Da 'yata yake magana, ita tana gyaɗa kai tana ba shi amsa da Turanci, amma murya yake ɗagawa daidai yadda za ta iso kicin. Ban taɓa taka garin ba, amma na san shi kamar tafin hannuna, ba da son raina ba.

Gari biyu ne a haɗe, in ji shi, na ƙasa a fadama da na sama a kan tudu. Kogin ya yi gwiwa daidai wurin, akwai tsibiri a tsakiya, akwai wani rafi da ke shigowa ta gabas da ruwansa ja, sai sun yi tafiya tare kafin su gauraya. Layin dogo na bin gefen ruwa. Bayan gari gonakin masara ne har iyakar ganinka, ga rumbuna na ƙarfe da suka fi coci tsawo, ga manyan jiragen dakon hatsi an jera su ana turowa a hankali. Titi ɗaya ne babba. In ka yi atishawa a wannan kai, na wancan kan zai ce maka sannu.

Tarihin garin kuwa daga wani tsohon Bature ya kwaso shi, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan jiragen hatsin nan. Wani lokaci auta ya fassara musu, wani lokaci su yi da hannu. Mutanen asali ne suka fara zama a wurin, aka kore su aka riƙe sunan da suka raɗa wa kogin. Sai Jamusawa manoma, sai jiragen ruwa masu tururi da suka sa garin ya cika ya tumbatsa, sai wata masana'anta da ke yin maɓallan riga da bawon makankari, wani irin dodon-koɗi na cikin kogi. Roba ta fito, masana'antar ta mutu. Daga baya ambaliya ta zo ta kwana a garin ƙasa har sai da ta gaji, mutane suka kwashe suka hau tudu.

“Amarya, sai ki ga matakala ta siminti a cikin ciyawa,” in ji shi. “Ki hau, babu ƙofa, babu gida. Na ce da Baturen, ku kun ma yi sa'a. Mu namu ko matakalar ba a bar mana ba.”

Ni ban taɓa jin Baba ya yi maganar tsohon ƙauyenmu da bakinsa ba. Wai sai ga shi ya je ya amayar wa wani Bature da ko sallama bai iya ba.

Sai batun mutanen garin. Akwai allo a mashiga da aka rubuta yawansu, kuma duk ƙidayar da aka yi sai lambar ta ragu. Samari sun gudu birni, an haɗe makarantarsu da ta garin gaba, maƙabarta ta fi unguwa cika. 'Yan Meziko da suka zo aikin mayanka ne suka sake buɗe wasu shagunan. Baba ya san su gida-gida: mai sayar da ƙugiya, matar da ke dafa kofi, tagwayen tsofaffin da ba sa ga maciji da juna. Ranar nan na kasa haƙuri na leƙo da muciya a hannu.

“Baba, ai mutanen da ke jiran jirgi a tasharmu da safe sun fi garin nan naka yawa.”

Bai dube ni ba. Ya ce, “Amarya, tambayi uwarki, ranar da ba ta je ba, wa ke cigiyarta a cikinsu?”

Ashe akwai safiyar da gwiwa ta hana shi sauka bakin ruwa, kafin azahar matar kofin nan ta aiko a dubo shi.

Kishi na ji, tsagwaronsa. Na auta daman na saba da shi tun muna yara, yana nan kamar tsohon ciwon haƙori. Wannan sabo ne. Da gari nake kishi, da laka da sauro da wani tsibiri. Ni na yi wahalar, ni na san ƙwayar maganin safe da ta dare, amma wani ƙauyen Turawa ya sami muryar ubana a banza.

Sai na tashi gasa. Na sauka Harlem, na bi titin 125 na sayo busasshen kifi mafi kyau a wurin wata 'yar Mali, na yi miyar kuka da ta amsa sunanta. Ya ci, ya suɗe hannu, ya ce da amaryarsa kifin kiwo ne, bai taɓa ganin kogi ba. Ban daddara ba. Ran Lahadi na roƙi maƙwabcinmu ɗan Kumasi mai tasi ya kai mu tsohuwar gadar ƙafa ta unguwarmu, wadda ke kan ruwan Harlem. Saboda tsawon gadar na saka Baba a keken guragu, na tura shi har tsakiyarta, na ce, “To, mu ma ga namu.” Ya daɗe yana leƙe, ya ce a dawo da shi da la'asar. Har na fara murna. Da muka dawo ya sake leƙawa ya girgiza kai.

“Wannan ba kogi ba ne. Ɗazu ya yi hagu, yanzu ya yi dama. Teku ce ke wasa da shi.” Ya dubi titunan mota da suka matse ruwan ta kowane gefe. “Kuma a ce ruwa sai an leƙa shi daga sama kamar rijiya.”

Ɗan Kumasin ya yi ta dariya har muka iso gida. Ni ban ga abin dariya ba.

Sanyi ya kankama, labarin ya fara ƙarewa. Baba ya koma taga. Tuwo ya riƙa dawowa rabi, sanda ta koma aikinta na da. Na san wannan shirun, na gan shi a gidajen mutane da yawa, na kuma san inda yake kai tsoho. Ina gani ina yi kamar ban gani ba. Wata safiya ina saka takalmi na ji ya ce, a hankali, “Amarya, ki tambayi uwarki, in ƙanƙara ta narke, ko za ta bar mutum ya koma.”

Na zo na tsaya a gabansa. “Baba, ga ni nan. Ni za ka tambaya.”

Ya dubi bango. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana, sannan na kira auta na wanke shi tas, na ce shi ya zuga Baba. Ya yi ta rantsuwa bai ce komai ba, kuma na san gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Na ce ni zan kai shi da kaina. Ba don kirki ba, so nake in ga garin in samo aibinsa. Da ƙanƙara ta narke muka tafi, na kuwa samo: shaguna a kulle, warin laka, ko'ina tsit kamar an yi mutuwa. Matar auta ta tarbe ni da fara'a, ta durƙusa har ƙasa, ban sami abin kamawa a wurinta ba.

Da safe muka sauka bakin ruwa ta garin ƙasa. Na ga matakalan a cikin ciyawa, yadda ya faɗa. Mutane na ɗaga masa hannu daga motocinsu, wani ma ya ce “sannu” a karkace. Tsohon Baturen na jira da ɗan jirginsa. Baba ya miƙa wa auta sanda ya shiga, ko tangaɗi bai yi ba. Baturen ya ƙare mini kallo, ya yi murmushi, ya tambaye ni da Turanci ko ni ce mai kifin farko.

Na dubi auta.

“Yaya, ba ki sani ba?” Ya rage murya. “Ranar da ya fara kamu a nan, har an ɗora mai a wuta ya ce kada wanda ya taɓa. Wai a gidanmu kifin farko na sabon ruwa na ɗan fari ne. Da kansa ya yi bandar a bayan gida da rabin duro, har maƙwabta suka zaci gobara ce. Ya ce a gida kakarmu yake bai wa, ita ta saka miki a kwano.”

Na tuna. Duk shekara in sabon ruwa ya zo sai in tarar da tarwaɗa sukutum a kwanona, ƙannena na zare ido. Duk rayuwata na ɗauka kakata ce ta fi so na.

Baba na zaune a jirgi ya ba ni baya yana warware zare. Na ce, “Baba, zan koma.” Bai juyo ba. Sai da Baturen ya kama igiyar inji sannan ya kira sunan auta, ya ce, “Tambaye ta, gishirin bai yi yawa ba?”

Na ce, “Ka ce masa daidai ne.”

Na iso Highbridge da rana tsaka, 'yata na makaranta. Ko mayafi ban cire ba na buɗe firiza na kwashe kajin. Tana nan a ƙuryar, ƙanƙara ta lulluɓe ta. Na jiƙa ta, na dafa da albasa da ɗan manja, na zauna a kujerarsa ta bakin taga.

Gishirin ya yi yawa. Na cinye ta tas, ban rage wa kowa ba.