Ƙusar da ta Faɗo daga Bakin Kafinta

Ranar da ƙusa ta fara faɗowa daga bakin ƙanena, ruwa ake yi tun safe, irin mai tsagaitawa ya dawo, kwanon shagonsa yana ɗiga a kan teburin aiki. Na fake ne a wurinsa kafin a ɗauke. Yana haɗa ƙafar benci, ƙusa huɗu a leɓe kamar kullum. Sai ta gefen hagu ta sulale ta faɗa cikin garin katako, bai ma ji ba. Ya kai hannu baki ya laluba, babu.

"Yaya, ka ga ƙusata?"

"Ga ta can ƙasa. Tsufa ne ya fara sallama?"

Ya yi dariya, ya ce kwana biyu leɓen nan kamar ba nasa ba.

Shekara shida na ba shi. A layinmu kowa Kafinta yake ce masa, har jikokinsa. Ya haura shekara arba'in yana aikin katako, kuma duk tsawon nan ta gefen baki yake magana, don tsakiyar na ƙusa ne. Bai taɓa tambayar mutum abu sau biyu ba. Haka aka rene mu: in aka ce zauna, ka zauna har a kira ka. Ni ma haka nake, kuma shi ne abin da yake cina har yau.

Bayan leɓen sai kumburi ya fito a muƙamuƙi, ba ciwo, yana dai girma. Wani mai cire haƙori a bakin kasuwa ya cire masa ɗaya, ya ce shi ke nan. Ya koma, aka ƙara cire biyu. Haƙora uku lafiyayyu suka tafi a banza, kumburi yana nan.

Sannan na raka shi babban asibiti. Wani matashin likita ya taɓa wurin, ya rubuta takarda, ya ce mu nemi likitan tiyatar baki da muƙamuƙi, kada mu yi wasa. Na kai takardar tagar masu kati. Ma'aikacin bai ɗago kai ba, ya ce, "Baki ne? Sashen haƙori." A sashen haƙori aka ce wannan ƙashi ne. A sashen ƙashi wani ya ce, "Baba, mu daga wuya zuwa ƙasa muke." Masu kunne da maƙogwaro suka ba mu wata uku, muka ƙirga kwanakin muka dawo, suka leƙa kunnensa suka ce lafiya lau. Wata malamar asibiti ma cewa ta yi a garin nan babu irin wannan likita. Ko'ina muka je sai mu ce mun gode.

Matarsa ce kaɗai ba ta godiya. "Yaya, kai da ƙanenka in aka ce ku jira tashin alƙiyama a benci, cewa za ku yi Allah ya kai mu! Ku bar ni in je."

Muka hana ta, wai kada ta ja mana abin kunya. Ga shi Kafinta ya daina tauna nama, burodi ma sai an jiƙa a shayi, ya koma naɗe fuska da ƙyalle.

Bencinan barandar asibitin nan shi ya yi su, shekaru ashirin da suka wuce. In mun zauna sai ya zura hannu ƙarƙashi yana shafawa, ya ce, "Aikina ne wannan." Akwai ɗaya da yake rawa a gaban sashen haƙori, ya dame shi fiye da fuskarsa. A wata na goma sha ɗaya ya zo da guduma a aljihu. Mutum an hana shi magani, shi kuma yana durƙushe yana gyara musu wurin zama! Ƙyallen ya hana shi sa ƙusa a baki, ya kwance shi.

Wata dattijuwa mai shara ta ajiye bokiti ta tsaya a kansa.

"Bawan Allah, me kake yi a nan da wannan fuskar? Ai kai na likitar Talata ne."

Na ce wace likitar Talata?

"Mai yanka muƙamuƙi mana. Ku biyo ni, ku yi hankali, ƙasa a jiƙe take."

Ta zagaya da mu bayan sashen haƙori, ta wuce wurin da ake jingine tsofaffin gadaje. Ga ƙofa nan, an manna takardar sanarwa a kan sunan. Aka yi dace ranar Talata ce, likitar tana ciki. Na koma na auna da ƙafata: taku talatin da biyu daga bencin da muka fara zama ranar farko.

Likitar 'yar ƙarama ce, ba ta da yawan magana. Ta sa aka ɗauki hoto, ta ɗaga shi a fitila, sannan ta duba kwanan watan da ke takardarmu. Ta daɗe tana kallonsa.

"Baba, wa ya riƙe ku wata goma sha ɗaya?"

Ta ce ƙari ne a cikin ƙashi. Da a lokacin muka zo, da wuri kaɗan za ta cire, muƙamuƙin ya tsira. Yanzu ya ci ƙashin, sai an yanke daga haɓa zuwa kusa da kunne.

Ban taɓa ɗaga wa ma'aikaci murya ba a rayuwata. Ranar na koma tagar masu kati na ajiye wa ma'aikacin nan takardar. Na ce ƙofar likitar tana bayan sashen da ya tura mu, me ya sa bai faɗa mana ba?

"To Baba, ai ba ku tambaya ba."

"Takardar da na miƙo maka fa, gaisuwa ce? Ka karanta ta kuwa?"

Ya leƙa bayana ya ce, "Na gaba."

An yi aikin, likitar ta yi iya yinta, Allah ya saka mata. Da Kafinta ya samu ƙarfi ya yanka allo mai kibiya, ya sa aka rubuta "Likitar muƙamuƙi, ranar Talata". Muka kai, aka ce sai an samu izini daga sama. Matarsa ta je sau uku, wannan karon ba mu hana ta ba. Izinin bai sauko ba tukuna.

Yanzu Kafinta yana shagonsa, da ƙarfe a madadin rabin muƙamuƙinsa. Maganarsa sai wanda ya saba yake ganewa, abinci kuma sai mai ruwa-ruwa. Ƙusoshinsa suna cikin gwangwanin madara a kan tebur, allon yana jingine a bayan ƙofa.