Ɗan Leƙen Asirin da Ya Shigo Zaurena

Ni da abokina tare muka tashi a Roni, katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Tare muka yi kiwon awaki a gindin duwatsu, tare aka sa mu makaranta, kuma tun a lokacin shi ne mai baki, ni mai sauraro. Da na fara neman aure a Gwiwa, shi ne ɗan rakiyata. Mukan je a kan mashin ɗinsa, a shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gida, yarinyar ta fito ta zauna a gefe. Ni in na gaishe ta sai in rasa abin cewa. Shi kuwa sai ya ɗauko labari, ta yi ta dariya tana rufe baki da mayafi. A lokacin daɗi nake ji, gani nake aikina yake yi mini. Da aka ɗaura aure, shi ne babban abokin ango.

Daga baya aikin koyarwa ya kai ni Babura, na tare da iyalina a gidan haya. Shi kuma ya samu aikin ofis a Kazaure, bai yi aure ba. Shekarun nan ne da tsoro ya shigo ƙasa. Kullum rediyo na kawo labarin tashin bam a birane, aka jera buhunan yashi a kan hanyoyi, mai mashin in ya zo shinge sai ya sauka ya tura. Mu da ke kusa da iyaka abin ya fi damunmu, domin ranar kasuwa garin cike yake da baƙi, wasu da naira wasu da sefa, kuma mutane suka koma kallon duk wanda ba su sani ba da wutsiyar ido.

A cikin wannan hali abokina ya zo mini wata ranar kasuwa da takardu a jaka, ya ce ya fara rubuta littafi.

"Na soyayya?" na tambaye shi.

"Na leƙen asiri, mutumina. Amma akwai soyayyar. Zauna ka ji."

Labarin wata malamar asibiti ne a wani garin bakin iyaka, wadda mijinta ya ɓace ya shiga cikin 'yan ta'adda, yana lallaɓowa ya gan ta jefi-jefi. Sai gwamnati ta turo wani jami'i ya zo a matsayin dillalin hatsi, ya kama shago kusa da gidanta don ya gano lokacin da mijin ke zuwa. Garin sa ido, sonta ya kama shi. Ita kuma ta tsinci kanta tsakanin mijin da ta yi wa alkawari da mutanen garin da za a iya hallakawa in ta yi shiru.

Ya karanta mini babi na farko a zaure. Labarin ya yi daɗi, har na ji ƙyashi ya kama ni, domin ni ne malamin Hausa, ni nake da akwatin littattafai, ni na daɗe ina cewa wata rana zan yi rubutu. Na ce masa ya yi ƙoƙari, sai dai a gyara ƙa'idojin rubutu.

Muna cikin haka muka ji murya daga bayan asabari.

"Malam, a yi mini afuwa. Mace ba za ta faɗi wannan maganar ba."

Matata ce. Ashe ta kawo mana kunu ta tsaya tana ji. Abokina ya ajiye takarda ya juya.

"Uwargida, wace maganar?"

"Inda ta ce wa dillalin ba ta san inda mijinta yake ba, tana kuka. Wadda take ɓoye miji ba ta kuka a gaban baƙo. Sai dai ta tambaye shi nawa ake sayar da tiyar gero."

Ya buga cinya, ya zaro biro ya soke layin nan take. Ni da na yi maganar ƙa'idojin rubutu, bai rubuta komai ba.

Daga nan abin ya zama al'ada. Duk ranar kasuwa zai taso daga Kazaure da sabon babi. Da farko daga bayan asabari matata take ji. Sai ta koma kawo kujera 'yar tsuguno bakin ƙofa, tana tsinke zogale a faranti. Kafin damina ta ƙare, ba ya fara karatu sai ya ce, "Ina uwargida? A kira mana alƙaliya." Na lura ranar da zai zo tana gama girki da wuri, ta yi wa yara wanka, ta canja zane. Me zan ce? A gabana ake komai, a zaurena, kuma mutumin nan ko ido ba ya haɗawa da ita fiye da kima.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne malamar asibitin ta fara rikiɗa. A babin farko doguwa ce, 'yar birni. Sannu a hankali ta koma tana naɗe bakin mayafi a yatsa in tana tunani. In ranta ya ɓaci ba ta faɗa, sai ta ce "to, madalla" ta tashi. Duk wanda ya zauna da matata ya san waɗannan halayenta ne. Ni na aure ta, amma sai da na ji su a bakin wani na san ana iya lura da su har a rubuta. Shi kuma mijin da ya gudu daji, wata rana na ji an ce a littafin ba ya magana sai ya yi gyaran murya sau biyu. Na buɗe baki zan tanka, na ji kaina ina gyaran murya, na fasa.

Bayan ya tafi na tarar da ita tana wanke-wanke, na ce, "Ke a ganinki wa ya kamata ta bi?"

"Dillalin ya fi sanin darajarta," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

"Ai yaudararta ya zo yi."

"Da haka ya zo. Amma yana jin maganarta."

Ranar tuwon bai shiga ba.

Da labarin ya kai inda jami'in zai bi sawun mijin zuwa ƙetaren iyaka, abokina ya ce ba zai rubuta abin da bai sani ba. Maimakon ya biyo ta gidana kamar kullum, sai ya zarce tashar 'yan acaɓa. Ya sami masu kai fetur a jarka ta hanyoyin daji, ya zauna yana yi musu tambayoyi. Wace hanya ce ba ta bi ta shinge? In mutum ya tashi da asuba yaushe zai isa? A ina ake canja naira zuwa sefa ba a tambaye ka daga ina kake ba? Yana tambaya yana rubutawa. A wancan zamani, baƙo da jaka da irin waɗannan tambayoyi ba ya buƙatar wani laifi. Wani ya zame ya kai rahoto.

Wani ɗan acaɓa, dattijo da na koyar da 'ya'yansa, shi ya zo ya yi sallama da azahar.

"Malam, baƙon nan naka mai zuwa daga Kazaure, jami'an tsaro sun tafi da shi. Sun sa shi a mota, har hularsa ta faɗi. Ga ta."

Na ji ƙarar faɗuwar ludayi a tsakar gida. Kafin in juya matata ta fito zaure ba mayafi, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban baƙo. Hawaye ya wanke mata fuska.

"Baban yara, ka tashi. Don Allah ka tashi. In suka wuce da shi birni shi ke nan."

Ni ma na tsorata, domin mun san waɗanda aka tafi da su a wancan lokaci ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Na saka takalmi da sauri. Amma ko a cikin wannan firgici, idona na kan fuskarta. Mun yi shekaru tare, na yi jinya, na yi haɗari a hanyar Kanya Babba har aka ɗinke mini goshi, ban taɓa ganin ta fita hayyacinta haka ba.

Na biya gidan mai unguwa na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan'uwana aka kama, kuma wallahi labari yake rubutawa." Dattijon bai ja magana ba, ya yafa babbar riga muka tafi tare. A ofishin jami'an tsaron aka bar mu a benci har la'asar ta gota, sannan aka shigar da mu wajen babbansu. Takardun abokina na baje a kan tebur.

"Kai ne ka san shi?"

"Ni ne, yallaɓai. Tare aka haife mu."

"Za ka tsaya masa? Ka yi tunani. In muka sami wani abu daga baya, tare za ku tafi."

Na tuna yarana. Na ce zan tsaya.

Ya tura takardun gefe ya ce tunda na ce littafi ne, in faɗa masa abin da ke ciki, zai gwada da abin da ya karanta. Na fara. Ashe duk zaman da nake yi ina cika ina batsewa, babu layin da ya wuce ni. Na kawo masa labarin tun daga ranar da dillalin ya sauka a tasha, da yadda mijin ke shigowa da shigar makiyaya, da ranar da malamar ta tsinci harsashi a aljihun rigarsa tana wanki. Mai unguwa ya saki baki yana kallona. Babban nasu ya jingina da kujera.

"To a ƙarshe ta tona mijin ko ba ta tona ba?"

"Yallaɓai, bai kai nan ba."

Ya yi tsaki kamar an katse masa abinci, ya ce a fito da shi.

Aka fito da abokina ba takalmi, leɓensa a kumbure, rigarsa ta yage a kafaɗa. Na miƙa masa hularsa. Ya riƙe hannuna gam, hawaye ya zo mini. Muna fita waje, maganar farko da ya yi ita ce, "Mutumina, kada ka gaya wa uwargida yadda ka same ni." Na saki hannunsa na ce ya hau mashin.

A gida ta tarbe mu a ƙofa. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Sun ba ka abinci kuwa?" Ta ɗora ruwan zafi, ta yanka kazar da muke ajiye wa salla. Ni da na sa wuyana a igiya, sannu da zuwa kawai na samu.

Washegari da hantsi, bayan na raka shi tasha, na same ta tana shanya. Na ce, "Da ni aka kama, haka za ki yi kuka?"

Ta matse rigar da ke hannunta ta rataye, sannan ta juyo.

"Da kai ne, wa zan tsaya yi wa kuka? Goyo zan yi in bi sawunka." Ta ɗauki wata rigar. "Na san abin da ke cinka, baban yara, na daɗe da sani. Tun da na bar makaranta, babu wanda ya taɓa tambayata ra'ayina a kan wani abu in ba miya ba. Shi ya tambaya. Iyakar abin ke nan."

Na yarda da ita, har yau ma na yarda. Sai dai yardar ba ta sanyaya mini rai ba, domin abin da ta ce ya ba ta, ni ma ina da bakin da zan ba ta, shi ya riga ni.

Karatun zaure bai sake komawa yadda yake ba. Abokina ya tsorata da Babura, ya rage zuwa. Ya ƙarasa littafin shi kaɗai a Kazaure, aka buga shi a Kano, ya ɗan zaga hannun 'yan makaranta. A ƙarshen, malamar ta tona mijin, amma ta ƙi auren jami'in, ta nemi canjin wurin aiki. Matata ta karanta ta ce ƙarshen ya yi sauri.

Bayan shekara biyu ya auri wata 'yar Yankwashi, ni na karɓar masa aure. Yanzu yana Dutse, gashinmu duka ya yi fari, sai salla-salla yake zuwa da iyalinsa. In ya shigo, matarsa ta shige ɗaka, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa su gaisa da uwargida, ya tambayi jikoki, ta tambayi hawan jininsa. Ni ina zaune a tabarma da carbi a hannu, kunnena na can, har sai ya dawo ya zauna kusa da ni mun ci gaba da hirar farashin taki.