Ƙyauren da Eru Ya Rufe

Duk wanda ya taɓa kai taya faci a Taihape ya san Eru Tamihana. Shi ne gajeren nan mai faɗin ƙirji da ke garejin bakin babban titi, wanda ba zai sake maka tayarka ba sai ya auna iskarta sau biyu, ko da kuwa kana tsaye a kansa kana duban agogo. Ba ɗan garin ba ne. A kudancin Auckland aka haife shi, inda bai san wata tunkiya ba sai ta cikin firijin kanti. Aure ne ya jawo shi cikin tsaunukan nan. Ya biyo Hinewai, mai dafa abinci a gidan kula da tsofaffi, ya zo ya zauna a garin da tumaki suka fi mutane yawa nesa ba kusa ba.

Yana saurayi soja ya so zama. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya ce asma, aka sallamo shi. Abin ya zauna masa a rai shekara ashirin, har ranar da ya gano eyasof, wasan nan da ƙarti da gemunsu ke sa kakin soja da tabarau na kare ido, su shiga daji suna harbin juna da bindigogin wasa masu tofo 'yan ƙwayoyin roba da ba su kai wake ba. Ƙwayar ba ta barin tabo a riga. Wanda ta sama, shi zai ɗaga hannu ya ce an same shi, ya fita daga fili. Hinewai ta ce ƙuruciya ce ta dawo masa da tsufa, shi kuwa bai musa ba.

Su huɗu suka fara, a bayan gareji, suna laɓewa a bayan tsofaffin tayoyi. Kafin shekara uku Eru ya bi garuruwan yankin ɗaya bayan ɗaya da a-kori-kurarsa, ya haɗa ƙungiya shida: masu askin tumaki na Hunterville, direbobin manyan motoci na Marton, malaman makaranta da ma'aikatan jinya na Whanganui, da sauransu. Mutanen da a da ba sa ganin kowa sai kare da talabijin, ga su yanzu suna ƙirga kwanakin Asabar. Ya tsara musu gasa da maki da jadawali. Kofin ma shi ya ƙera, da wani tsohon ƙarfen taya da ya fesa wa fenti ruwan zinariya. Muni kam ya yi muni, amma a kansa sai ka ga manya suna kumfar baki.

Fili ne ya kusa kashe abin tun a goye. Manomi goma sha ɗaya Eru ya roƙa, goma sha ɗayan suka ce ya ƙara gaba. Ta goma sha biyu ita ce Noeline Pringle, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗaya, wadda ke riƙe da gonar gadonta ita kaɗai da karnuka biyu tun rasuwar mijinta. Wata Lahadi ya je ya gyara mata tayar tarakta cikin ruwan sama, bai yi ƙorafi ba. Sai ta ba shi kwarin da ke da itatuwa da tudun da ke samansa, bisa sharaɗi uku: ƙwayoyinsu su zama irin masu narkewa a ƙasa, ba wasa lokacin haihuwar tumaki, kuma su kula mata da ƙofofinta.

Eru mutum ne mai son doka kamar ransa. Littafin gasar doka arba'in da ɗaya ne a ciki, duk shi ya rubuta, har da wadda ta hana zagin uwar alƙalin wasa. Ta bakwai ya buga ta da manyan baƙaƙe: a rufe duk ƙyauren da aka gani. Shekara biyu dokar tana aiki lafiya lau, don duk ƙyauren da suka tarar a rufe suke tarar da shi.

Ranar Asabar ɗin da za a fitar da ƙungiyoyi biyun da za su yi wasan ƙarshe ta faɗo tsakiyar Fabrairu, rana tana ƙuna, ciyawa ta bushe ta yi fari. Noeline ta tafi Napier bikin jikarta, sai Talata za ta dawo. Aka yi wasa, aka gasa naman sosej aka ci da burodi, kowa ya kama hanya. Eru, kamar kullum, shi ne na ƙarshe, yana zagaya fili yana tsintar shara. Can saman tudu ya ga wani ƙyaure a wangale, an ma ɗaure shi da waya a jikin shinge.

“Malaman Whanganui ne,” ya ce a ransa. “Suna koya wa yara karatu, su ba sa karanta doka.”

Ya kwance wayar, ya ja ƙyauren, ya sa sakata, ya girgiza shi ya tabbata ya kamu. Ya sauko yana fito, yana jin daɗin kansa.

Litinin da hantsi wani manomi, Merv Hislop, ya kawo tayar babur ɗinsa mai ƙafa huɗu. Merv ba ya iya tsayuwa shiru, ranar kuwa ya zo da abin faɗa.

“Ka ga mutanenku na birni, Eru? Wasu mafarauta suka ratsa ta gonata makon jiya, suka rufe min ƙofar da na bari a buɗe. Wai su masu ladabi! Shanuna suka wuni suna kallon ruwa ta cikin shinge.”

Eru ya tsaya da sifana a hannu. “Ai na ɗauka rufewar ita ce daidai.”

“Daidai a gidan wa? Ko jikana mai shekara biyar ya san ƙofar gona yadda ka same ta haka za ka bar ta. In manomi ya bar ta a buɗe, ba mantuwa ya yi ba. Kai, lafiya? Ka ga fuskarka kuwa?”

Wayar nan ce ta dawo wa Eru a rai, yadda aka murɗa ta sau uku da hannun wanda ya san aiki. Ba malamin makarantar da zai yi wannan murɗin. Bayan ƙyauren tudu ne tsurarsa, ba rafi ba komin ruwa, ga tumaki kuwa ya gan su da idonsa suna kiwo a can. Ruwan yana ƙasa, a kwari. Ya ajiye sifana a ƙasa, ya bar Merv da tayarsa da bakinsa a buɗe.

Tafiyar minti ashirin da biyar ce zuwa gonar. Yadda ya yi ta, shi ma bai sani ba. Lissafi kawai yake yi: daga yammacin Asabar zuwa yanzu, kwana biyu babu kaɗan, cikin wannan zafi. Tun kafin ya kai saman tudun ya jiyo kukansu, wani kuka a dishe wanda bai taɓa jin irinsa ba. Sun taru a bakin ƙyauren sun danne juna, bakuna a buɗe, suna haki. Ya zare sakata, suka yi waje da gudu har suka kayar da shi, suka gangara kwari cikin ƙura.

Da ƙurar ta lafa sai ya ga guda uku a kwance. Biyu suka miƙe da ya tallafa musu, suka bi sahu suna tangaɗi. Ta ukun ta ƙi tashi, idonta rabi a rufe. Ya sauka da gudu ya ɗauko kular da yake sa lemo a mota, ya cika ta a rafi, ya hau tudun da ita a kafaɗa, ƙirjinsa yana kukan usur. Ya durƙusa yana ɗiga mata ruwa da tafin hannu, ya cire rigarsa ya yi mata inuwa, yana lallashinta kamar mai jinyar uwarsa.

“Haba baiwar Allah, tashi mana. Ki rufa min asiri.”

Sai bayan kusan awa guda ta ɗaga kai, ta sha da kanta, ta miƙe ta yi masa wani kallo, ta wuce. Ya bi tudun lungu-lungu bai ga gawa ba. Amma tudun yana da faɗi da ramuka, shi kuma bai san ko su nawa ne ba. Ya mayar da ƙyauren jikin shinge, ya ɗaure da wayar yadda ya same ta.

Da yamma ya kasa cin abinci. Ya kwashe labarin duka ya faɗa wa Hinewai, sannan ya yi ƙasa da murya.

“Ƙyauren yana yadda ta bar shi. Ba wanda ya gan ni. In na yi shiru...”

Hinewai ta ajiye cokali. “Ƙarasa mana.”

“Mutum sittin ne, Hine. In ta kore mu, ba wani filin. Kin san na nema.”

“Na sani. Na kuma san kai ne ka kori direban nan na Marton wata biyu don ƙwaya ta same shi ya ƙi ɗaga hannu. Har da wa'azi ka yi masa, ina zaune.” Ta tura masa farantinsa. “Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Ci abincinka, maigida, gobe kana da tafiya.”

Haushinta ya ji sosai, don ya san gaskiya ta faɗa.

Talata da rana ya tarar da Noeline tana sauke jaka daga mota, da hular biki har yanzu a kanta. Ya cire tasa hular ya riƙe.

“Whaea,” ya ce, don da sunan inna yake kiranta tun ranar tarakta, “na yi miki ɓarna.”

Ya faɗa mata tiryan-tiryan, bai ɗora wa malaman Whanganui ba, bai rage awa ko ɗaya ba. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta shiga gida, ta fito da takalman roba a ƙarƙashin rigar bikin, ta yi wa karnuka fito, ta hau babur ɗinta.

“Hau baya, ɗan birni.”

Karnuka suka tattaro garken cikin ɗan lokaci. Ta sa shi ya riƙe wata ƙaramar ƙofa yadda ba za su wuce ba sai bibbiyu, ita kuma ta tsaya gefe tana ƙirga da yatsa, leɓɓanta na motsi. Eru ya gwada ƙirgawa a zuci, ya ɓace tun a talatin da wani abu, don duk kamarsu ɗaya a wurinsa. Bai taɓa jin lokaci ya yi masa tsawo irin na ranar ba. Ta ƙarshe ta wuce. Noeline ta sauke hannu.

“Ɗari huɗu da goma sha biyu.”

“Nawa kika bari, Whaea?”

“Ɗari huɗu da goma sha biyu.”

Ya zauna daɓas a busasshiyar ciyawa, ya sauke wata ajiyar zuciya da ke maƙale tun jiya, idonsa ya kawo ruwa bai ko ji kunya ba. Filin ma ya manta da shi a lokacin, tumakin dai suna raye.

Noeline ta jingina da shinge tana kallon saman tudun.

“An taɓa rufe wannan ƙyauren,” ta ce. “Shekarar da na yi aure. Tunkiya goma sha tara muka binne. Babana ya rantse maƙwabcinmu ne, don suna rigimar iyaka. Ni ma na yarda. Ko a coci muka haɗu da mutumin nan sai in kau da kai, jana'izar matarsa ma ban je ba.” Ta cire hular bikin ta juya ta a hannu. “Ashe Clive ne, mijina. Shi ma ɗan birni ne irinka, ya ga ƙofa a buɗe ya ɗauka gyara yake yi. Bai faɗa min ba sai a gadon asibiti, saura kwana biyu ya cika. Lokacin maƙwabcin ya shekara shida a kabari.”

Eru ya sunkuyar da kai.

“Clive mutumin kirki ne, tsoro ne kawai ya ci shi. Na yafe masa tumakin tun a wurin. Shekara talatin da takwas ɗin da ya yi yana ɓoye min ne har yau nake fama da su.” Ta share ido da bayan hannu, ta mayar da hular, ta dube shi sama da ƙasa. “Kai kuma ka tashi daga nan, kan kashin tumaki ka zauna. Wace doka ka ce, ta nawa?”

“Ta bakwai.”

“Ka goge ta yau ɗin nan. Wasan ƙarshen naku yaushe ne?”

Ya ɗago kai, bai tabbata ya ji daidai ba. “Asabar ta sama... in kin yarda.”

“Ku zo da wuri, kafin rana ta yi zafi,” ta ce, ta juya wajen babur. “Taho mu sha shayi. Ba zan bar ka ka yi tuƙi a haka ba.”